Farin Karo a Makewayin Jatau

Ranar da Mustafa ya gama shimfiɗa farin karo, wato tayil, a makewayin gidansu a Dogon Kiriya, mahaifiyarsa Ajuma har guɗa ta yi. Mijinta Jatau kuwa ya leƙa ya taɓe baki, ya ce almubazzaranci ne, shi tun tasowarsa a rairayi yake tsugunawa ya ture ƙasa ya tashi. Da ƙyar ruwan damina ya kora shi ciki.

Ajuma ta shiga wankewa bayan fitarsa, sai ga ja a kan fari, jini ƙiri-ƙiri. Ta kira shi ta nuna masa. Jatau ya yi dariya, ya ce tsargiya ce, duk wanda ya yi wankan tabki yana yaro ya san ta, kuma ko zafi ba ya ji. Ashe rairayi ne ya daɗe yana shanye maganar.

"Malam, yaro ke tsargiya, kai ga furfura," in ji Ajuma. "Wallahi ba zan zauna ina wanke jininka ina kallo ba."

Ta tasa shi gaba har asibitin Dogon Dutsi. Aka gwada fitsari, aka shafa masa na'ura a mara, lokotoro ya ga wani ɗan tsiro ya tura su Yamai. Can aka zura siririn bututu mai fitila cikin mafitsara, aka tsinko kaɗan daga tsiron aka kai bincike. Jatau ya sha kunya, ya sha mita, Ajuma ko a jikinta.

Da sakamako ya fito, lokotoron ya ce ciwon daji ne, kuma tsohuwar tsargiya takan jawo shi, amma wannan bai ci bangon mafitsara ba tukuna, a kankare shi a riƙa dubawa. Ya ce yawanci sai ya yi nisa ake kawo masa. Ajuma ta manta a asibiti take, ta rangaɗa guɗa har masu jinya suka leƙo, hawaye na zuba, daɗi ya cika ta.

Sun dawo gida da kwana biyu, ta fito da safe ta tarar da tsofaffin unguwa, abokan wankan tabkin Jatau, a jere ƙofar makewayi, kowa da butarsa.

"Ke, kawo ruwa," in ji Jatau. "Kowa ya fito, ki shiga ki duba."