Ranar Duba Josie

Jihar New Jersey ta matsa wa gundumomi lamba. Wai kuɗin da suke biya wa yara masu buƙata ta musamman a makarantun kuɗi ya yi yawa, kowane yaro sai an je an gani da ido. Haka gunduma ta tura Misis Gaffney ta duba Josie, 'yar Ray Dombrowski, bakanike.

Josie shekararta tara, ba ta magana. A makarantar gwamnati kanta take bugawa da bango. Tun da aka mayar da ita makarantar kuɗi, gunduma na biya, ta daina.

Ranar duban, Ray bai je gareji ba. Ya taje mata kai, ya soya mata fanke, ya kai ta makaranta da wuri. Ta wuni lafiya lau, har da zane.

Bayan mako aka kira shi ofishin gunduma.

"Sai barka, Mista Dombrowski," in ji Gaffney. "Yarinya ta samu sauƙi. Satumba za ta dawo wurinmu, makarantar gwamnati."

"Wurinku? Inda kuka kulle ta a ɗakin tsintsiya?"

"Ɗakin hutawa muke ce masa."

"Ke kin taɓa hutawa a ciki?"

"Abin da na gani na rubuta. Jiha ba ta biya wa yaron da ke zaune shiru yana zane."

Ya buga tebur ya ce sai an sake dubawa. Ta taɓe baki, ta ba shi Talata.

A wajen ajiye motoci ya tarar da Loretta, wadda ɗanta ke aji ɗaya da Josie, tana busa sigari.

"Kai ma dai, Ray! Ranar duba ake lallaɓa yaro? Ni ranar ko barci ba na bari nawa ya ƙoshi. Su ga abin da muke gani."

"Ba ki da imani, Loretta."

"Ba ni da shi. Ɗana kuwa yana nan daram a makarantarsa."

Talata da safe ya ɗaura wa Josie bel a kujerar baya. Hanya ɗaya ta sani zuwa makaranta, ba ta jure a sauya mata, kowace kwana sai ta taɓa gilashi da yatsa. A mararrabar coci, inda kullum suke yin dama, Ray ya tsaya har na baya suka dame shi da oda.

Ya karya hagu.

Ihun Josie ya fara tun kafin ya miƙe sitiyari. Bai kalli madubi ba.