Furen Aro

Bazarar bana ruwa ya yi mana sammako, kuma da ya zo sai ya ƙi tafiya. Kwana ashirin da wani abu ba mu sa rana a ido ba. Bayan gidanmu, inda Baba yake ɗan lambunsa, ya koma wani wuri da ban sani ba. Da safe farin tururi ke tashi daga ƙasa, ruwa na kwance tsakanin kunyoyi, in ka sunkuya sai ka ga bishiyar gwaba a kife cikinsa tana lilo, gajimare na ratsa rassanta. Tumatir ya yi baƙi daga gindi, alayyafo ya kwanta, gwanda ta zubar da 'ya'yanta tun suna ƙanana. Dodon koɗi kuwa sun samu gari. Baba ya ce ruwan bana ba shi da kunya, shi ya sa ya zo ya wanke tamu.

Baba mai gyaran agogo ne kafin idonsa ya yi rauni. Yanzu haske kawai yake gani da inuwar mutum, amma yatsunsa suna nan da wayonsu. Ni ce autarsa. Ina aiki a kantin magani, na dawo gida da zama bayan rasuwar Inna don in kula da shi, ko da yake shi cewa yake yi shi ke kula da ni.

Duk abin da ya lalace a lambun bai dame shi ba, ban da kabewa. Irin Inna ce, doguwa mai wuya, ja wur a ciki, tun farkon aurensu suke shuka ta. Bana danshi ya shiga gwangwanin iri, ƙwaya bakwai kaɗai suka tsira. Ya shuka, ruwa ya ruɓar da shida. Ɗaya ce ta daure ta hau rumfa, ita ma gindinta ya fara laushi. In ba ta yi ɗa ba, irin ya ƙare ke nan, babu inda za a samo shi.

A ƙetaren katangarmu akwai Direba, tsohon direban bas, abokin tsokanar Baba. Shi ma yana shuka kabewa, amma ta takarda, wadda ake sayen irinta a kanti. Baba tulun ruwa yake kiranta, wai girma ne kawai babu ɗanɗano. Shekara da shekaru Baba yana tsare kabewar Inna kada ƙudan zuma su gauraya su. Yadda yake yi kuwa ban taɓa tsayawa na gani ba, kullum ina saurin fita.

Ni dai na ga yaɗon ya cika da furanni masu dogon sanda, su buɗe yau, gobe su faɗi su ruɓe, ba ɗa ba alamarsa. Sai kaina ya ba ni cewa su ke shanye wa shukar ƙarfi. Ranar hutuna na ɗauki almakashi na bi su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba su buɗe ba, na zuba a bokiti. Na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Ban gaya wa kowa ba, don ina so Baba ya ga sakamako tukuna.

Bayan kwana biyu, gari na wayewa Baba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya ce ya yi mafarki lambun ya zama tafki, kabewoyi na yawo a kai, Inna na zaune a kan ɗaya tana tsefe kai, ko a jikinta. Da ya farka ya fita ya lalubi rumfa, sai ya ji wadda yake jira ta buɗe.

Na riƙe masa lema muka fita. Ruwan siriri ne, ba ya ko ƙara, kamar iska ce ta jiƙe. Ga furen nan ƙarƙashin wani faffaɗan ganye, ruwan ɗorawa, shi kaɗai ke da launi a duk lambun. Baba ya kama yatsana ya ɗora a gindinsa, na ji ɗan kumburi kamar ƙwan tattabara. Ya ce wannan ita ce macen, kumburin nan shi ne kabewar. Yau kaɗai za ta buɗe, kafin azahar ta rufe. Ƙudan zuma ba sa fita cikin ruwa, dama shi ba ya jiran su. Ya zaro ɗan burushin da yake share cikin agogo daga aljihu.

“Auta, duba ki tsinko mini namiji ɗaya. Masu dogon sandan nan.”

Na ɗaga ganye, na sake ɗaga wani, alhali na san abin da zan tarar. Wani kwaɗo a kan tubali yana kallona. Da na ga ƙarya ba za ta haifar da fure ba, sai na faɗa masa gaskiya, har da bokitin.

Bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tambaya ko akwai wanda ya rage, ko ƙarami. Na ce sai 'yan mitsi-mitsi da za su yi mako ba su buɗe ba. Ya tsuguna ya matsa gindin shukar, ya sunsuni yatsunsa, ya ce ba lallai ta kai lokacin fitar wata macen ba. Ruwa na taruwa a bakin lema yana ɗiga a kafaɗarsa.

Can ya miƙe ya nufi katanga yana dafa sandunan rumfa, ya kira Direba. Direba ya leƙo da buhu a ka, bakinsa cike da tsokana, yana tambaya ko jirgin ruwa muke nema. Da ya ji abin da ake roƙo sai dariyar ta tsaya masa. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya ɓace. Ya dawo da furanni uku a cikin hularsa don kada su jiƙe, ya miƙo ta kan katanga, bai ce uffan a kan tulun ruwa ba.

Baba ya ɓare ganyen furen a hankali, ya shafo garin da ke cikinsa da burushi, ya lalubi macen ya shafa mata, sau uku, yana riƙe numfashi kamar yadda yake yi a kan ƙaramin agogon hannu. Sannan ya haɗe bakinta ya ɗaure da zare.

“Baba, in ta yi ɗa, irin da za mu samu ba na Inna ba ne,” na ce.

“Rabi nata ne.”

“Rabi kawai.”

Ya mayar da burushin aljihu, ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

“Ke ma ai rabinta ce, Auta, kuma ban taɓa rainawa ba.”

Ya karɓi lemar daga hannuna, ya ce in je in shirya kada in makara wurin aiki.