Layi na Uku a Dutsen Inna

Kwana goma sha ɗaya dutsen yana kwance a kan bencin aiki. Layi biyu sun kammala, na ukun ko ɗigon alli babu. Mai Dutse ya sassaƙa sunan Inna a sama, ya sassaƙa shekarar haihuwarta da ta rasuwarta a ƙasan sunan, sannan hannunsa ya tsaya. Kowace safiya zai buɗe shago, ya yaye buhun da ya rufe dutsen, ya share ƙurar da babu ita, ya mayar da buhun, ya kama aikin wasu.

Shekara talatin yana sassaƙa duwatsun kabari, kuma ƙa'idar da ya gada wurin maigidan da ya koya masa ba ta taɓa canjawa ba. Sai an rubuta maganar da alli tukuna. Wanda ya ba da aikin ya karanta da bakinsa, ya ɗora yatsa a kai ya ce haka yake so, sannan a ɗauko kurfi da guduma, don abin da kurfi ya ci ba ya gyaruwa. Mai sassaƙa kuma ba ya ƙara kalmarsa, ba ya rage ta wani.

Maganar layi na uku tana cikin aljihun rigarsa, a wata 'yar takardar asibiti da yayarsa ta rubuta a bayanta kamar yadda Inna ta faɗa mata, kwana biyu kafin ta cika. Kalma huɗu ce kacal: Ku yi mata addu'a.

Gidansu gidan Katolika ne. Shi kaɗai ya fita, yana ɗan shekara ashirin da huɗu, ya koma ikilisiyar Furotesta da ke bayan tashar mota, kuma ya fita ne da zafinsa. Bai manta ranar da ya dawo gida ya sami Inna tana wanke-wanke ba, ya tsaya a kanta ya gaya mata cewa carbinta da durƙusonta gaban siffar Maryamu da kai zunubi wurin Fada, limamin cocinsu, ba za su cece ta ba, in ba ta dogara ga Yesu shi kaɗai ba.

Inna ta ɗauraye kwano ta kife. "To da wa kake tsammani na dogara, Auta? Da mai gadin kasuwa?"

Ya ce ba wasa yake yi ba, hanyar da take kai hanyar hallaka ce.

"In haka kake gani, ai sai ka riƙa yi min addu'a," in ji ta. "Miƙo min sabulun can."

Ya kuwa yi. Shekara ashirin da shida, kowace safiya kafin ya sa komai a baki, sunanta ne farkon abin da yake ambata a gaban Allah, kafin matarsa, kafin 'ya'yansa. Ya Ubangiji, ka ceci Inna. Washegarin da aka binne ta ya durƙusa a gefen gado yadda ya saba, bakinsa ya buɗe da kansa, sai ya tuna ya haɗiye. A ikilisiyarsu ba a yi wa matacce addu'a. Wanda ya sami ceto ba ya buƙatarta, wanda bai samu ba kuma ƙofa ta rufe. Shi da kansa ya sha koya wa sababbin tuba haka. Tun daga ranar addu'arsa ta zama kamar ɗakin da aka fitar da gado daga ciki, yana shiga yana laluben inda zai zauna.

Ranar Alhamis da hantsi Fasto ya shigo shagon, yana ɗaga ƙafar wando kada farar ƙura ta kama shi. Matar Mai Dutse ce ta yi wa matar Fasto zancen takardar, ba da mugun nufi ba, damuwar mijinta ce ta ishe ta. Fasto bai kai shi shekaru ba, mutum ne mai sanyin magana, kuma shi ya kwana biyu yana zirga-zirga asibiti lokacin jinyar Inna, ko da yake ba 'yar ikilisiyarsa ba ce.

"Dattijo, sannu da aiki. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Fasto. Ga kujera, bari in kaɗe."

Fasto ya zauna, ya dubi buhun. "Shi ne wannan?"

Mai Dutse ya yaye. Fasto ya karanta layi biyun, ya ce aikin ya yi kyau, sannan ya ce a ganinsa dutsen ya gama haka. Suna da shekaru sun isa. Ba ƙarya a ciki, ba abin da zai sa wani tuntuɓe.

"Uwargida cewa ta yi in sa ‘Tana hutawa wurin Ubangiji'," in ji Mai Dutse.

Fasto ya ɗago ya dube shi. "Za ka iya ba da wannan shaidar, Dattijo? Da zuciya ɗaya?"

Mai Dutse ya shiga naɗe buhun.

"Ni na so in iya," in ji Fasto. "Na zauna da ita, na tambaye ta ko ta ba Yesu ranta. Ta ce tun kafin a haife ni. Amma carbin yana hannunta, kuma Fada ta ce a kira mata. Ban ce babu ɗan Katolikan da zai tsira ba, zuciya Allah ne ya san ta. Sai dai koyarwarsu tana haɗa alherin Allah da aikin mutum, kuma wannan layin da suke so ɗan wannan koyarwar ne. Kai dattijon ikilisiya ne. Hannun da ke miƙa wa jama'a gurasa da ƙoƙo ranar Lahadi, in ya sassaƙa wannan, me za mu gaya wa matasa?"

"Sai a gaya musu uwarsa ce!"

Yaya ce a bakin ƙofa, da jakar ɗinkinta a kafaɗa. Ta girmi Mai Dutse da shekara bakwai, ita ta goya shi, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Ta gaida Fasto a taƙaice, ta ƙi zama.

"Auta, jibi Asabar magina za su kafa dutsen nan. Kwana nawa kana juya shi kamar mai zaɓen kankana?"

"Yaya, a yi a hankali, Fasto yana nan."

"Na gan shi, ai ba ɓoyayye ba ne. Fasto, ka yi haƙuri da bakina. Matar nan shekara sittin tana zuwa coci Misa da asuba, ƙafarta na ciwo tana ja. Sunan Yesu ne na ƙarshe a bakinta, ina riƙe da kanta. Yanzu ku da kuka zo jiya ku ne masu riƙe da rajistar sama?"

"Mama, ba mu da rajista," in ji Fasto, bai ɗaga murya ba. "Amma zuwa da asuba ba ya ceton kowa. Da yana ceto, da masu shara sun riga mu shiga. Kuma in kin tabbata tana wurin Ubangiji, addu'ar ta mece ce?"

"Ta wanka ce! Rai sai an wanke shi kafin ya shiga wurin Ubangiji. Kai in za ka shiga gaban babba, ba ka kaɗe riga? Ga shi ƙurar shago ma kana gudu."

Mai Dutse yana jinsu. Ya san kowace amsa kafin a faɗe ta, ta wannan gefen da ta wancan, don ya shekara ashirin da shida yana jifa da ɗaya yana kare ɗayar. Idonsa ya tafi jikin bango, inda duwatsun da aka gama suke jingine suna jiran masu su. Na biyu daga ƙofa na wani tsohon direba ne, ɗan Katolika, wanda ya sassaƙa makon jiya. A ƙasansa an rubuta, da zurfi, an cika da baƙin fenti: Ku yi masa addu'a.

"Fasto, dubi wancan," ya ce.

Fasto ya duba.

"Na sassaƙa irinsa ya fi ɗari. Wasu ma kai ka turo min su, ka ce a taimaki Dattijo da aiki. Ba wanda ya taɓa cewa hannuna ya ƙazantu."

"Wancan sana'a ce. Maganarsu ce, ba taka ba. Wannan kuwa kowa zai ce bakinka ne."

"Wannan ma maganar Inna ce."

"Amma kai ne ɗanta." Fasto ya gyara zama. "Ba zan ɓoye maka ba, dattawa sun riga sun ji. In layin nan ya hau dutse, za su ce ka sauka daga kujera, kuma ba ni da abin da zan kare ka da shi. Shekara goma sha biyu kana dattijon ikilisiya ba wasa ba ce, Dattijo. Ka bari wani shagon ya yi, in dole ne."

Yaya ta yi dariyar da ba daɗi a cikinta. "Wani shagon? Da haka take so da tuni na kai. Ta ce shi." Ta juyo ta dubi ƙaninta, muryarta ta sauka. "Ban gaya maka ba don na san halinka, za ka ce na ƙara gishiri. Lokacin da ta ce in rubuta, na ce Inna, ai mu za mu yi miki ko ba a rubuta ba, ga ni, ga matan zumunta, ga Fada. Ta ce ba don ku ba ne. Ta ce Auta ya fi ku naci. Ku kuna yi in kun tuna, shi kuwa tun da ya yanke min hukuncin wuta bai taɓa tsallake safiya ɗaya ba. Ta ce duk ranar da ta tashi takan ce, yanzu haka yaron nan yana can yana kai ƙarata. Ta ce ta saba, ba ta son a yanke mata."



Mai Dutse bai taɓa sanin tana lissafe da shi ba. Shi a zatonsa yaƙi yake yi da ita a ɓoye, ashe ita kullum karɓa take yi, kamar abincin da ake aiko mata daga gidan ɗa. Ya tambayi kansa, kamar yadda ya yi ta tambaya kwana goma sha ɗaya, ko tana cikin masu ceto. Ya laluba ko'ina a cikinsa bai sami amsa ba. Abin da ya samu shi ne takarda a aljihu, da ƙa'idar shagon nan, da mace ɗaya da ta ba shi aiki.

Ya ɗauko rula da alli. Ya auna tsakiya, ya ja layi biyu siriri, ya zana haruffan ɗaya bayan ɗaya, yana goge wanda ya karkace da babban yatsa yana sakewa. Da ya gama ya ja baya.

"Yaya, karanta."

Ta karanta. Ta miƙa hannu za ta ɗora yatsa, ya tare ta.

"Ba ke za ki sa ba."

Ya ɗora nasa yatsan a kan allin, ya daɗe bai ɗaga ba.

"Dattijo," in ji Fasto, ya miƙe tsaye. "Ka yi tunani. Ka gaskata addu'ar nan za ta kai mata?"

"Ban sani ba, Fasto."

"Ka gaskata ta tsira?"

"Wannan ma ban sani ba. Da ina yaro na sani, har na gaya mata a kan wanke-wanke. Yau ban sani ba, kai ma ka ce ba ka sani ba. Ban bar ikilisiya ba, ban koma wurin Fada ba, kada Yaya ta yi murna. Amma aikin nan ni aka ba."

"Wa ya ce ina murna? Ko ka dawo sai mun yi shawara," in ji Yaya, tana share ido da gefen mayafi.

Ya buɗe aljihun tebur ya ciro makullin kabad ɗin da ake ajiye tiren gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji, wanda yake hannunsa shekara goma sha biyu, ya miƙa wa Fasto da hannu biyu. "Kada dattawa su wahala da zama. Ranar Lahadi ina nan, a bencin baya."

Fasto ya karɓa, ya juya makullin a tafinsa. Bai tafi ba. Yana tsaye lokacin da Mai Dutse ya yayyafa ruwa a gefen layin, ya kafa bakin kurfi a kan harafin farko, ya buga. Farin gari ya tashi ya sauka a kan baƙin takalmin Fasto, bai kaɗe ba. Sai da kalmar farko ta fito sannan ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya fita a hankali.

Aikin ya kai shi la'asar. Yaya ta zauna a kujerar da Fasto ya bari, tana ɗinkin hannu tana yi masa gyara, wai wannan harafin ya fi wancan ƙiba. Bai kula ta ba. Ya cika ramukan da baƙin fenti, ya goge saman, ya jingine dutsen kusa da na direba ya bushe.

Da safe ya durƙusa a gefen gado. Matarsa tana kicin, yana jin ƙarar butar shayi. Bakinsa ya buɗe da kansa yadda ya saba.

"Ya Ubangiji, Inna," ya ce.

Ya tsaya nan, don bai san abin da zai roƙa ba. Ya ɗan jira, sannan ya ci gaba da matarsa da 'ya'yansa, ya tashi ya je neman motar da za ta ɗauki dutsen.