Mamacin da Ke Biyan Haya

A wurin Allah da maƙwabta, mijin Tela ya daɗe da rasuwa. A wurin hukuma kuwa yana nan da ransa garau, har ma yana cikin 'yan hayar da ba a taɓa yin kuka da su ba.

Tela ake ce mata saboda keken ɗinkin da ta kafa a bakin taga, wanda da shi ake ci a gidan. Suna zaune a hawa na uku na wani bene cikin gidajen hukumar gari, ɗaki biyu da falo: ita, da 'yarta tilo da ake kira 'Yar Baba, da uwar mijinta Inna, sai ƙanin mijin, Dogo, wanda ke shimfiɗa katifa a falo. Gidajen nan ba a gadonsu. Ranar da mai suna a takarda ya mutu, gida ya koma hannun hukuma ke nan, a miƙa wa na gaba a layi.

Mijin a gida ya cika, bayan ya sha fama da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi, kuma a ranar aka kai shi. Ko masu gaisuwa ba su gama watsewa ba Dogo ya tara su a ɗakin Inna ya ce kada wanda ya kuskura ya kai labari ofis. Tela tana cikin ɗimuwa, ta ce to. Da an ce mata ta sa hannu a sayar da benen gaba ɗaya ma a lokacin, to za ta ce.

Tun daga nan, duk shekara Dogo ke kwaikwayon sa hannun yayansa a takardar sabunta haya. In mai duba gidaje zai zo, sai a fito da takalmin marigayi a goge a ajiye a bakin ƙofa, a rataye rigarsa a ƙusa. Inna ce ke amsa sallama. "Ai kun yi saɓani, yanzun nan ya fita," in ji ta, fuska a sake. Tela ta lura tsohuwar takan yini da walwala a irin wannan rana, abin kuma yana sosa mata rai.

Sai ga shi 'Yar Baba, da ta shiga sakandare, ta fara tsayawa hutu a kan matakala. Likita ya ce wata ƙofa ce a zuciyarta ba ta rufuwa daidai, kuma aikin ya fi ƙarfin asibitinsu. Shi da kansa ya rubuta wa wata ƙungiyar likitoci a ƙasar waje, suka amsa za su yi mata tiyata kyauta, suka sa watan da za a yi. Abu ɗaya ya rage, fasfo. A ofishin fasfo aka ce yarinya ba ta kai shekarun sa hannu da kanta ba, sai ubanta ya zo ido da ido, ko a kawo takardar shaidar mutuwarsa.

Haka Tela ta wayi gari a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, kan wani benci mai ƙafa ɗaya gajera, tsakanin masu jego da masu takaba. Ma'aikaciyar da ke bayan taga mace ce mai tabarau a ƙarshen hanci, ba ta da faɗa, ba ta kuma da lokacin kowa.

"A asibiti ya rasu?"

"A gida, ranki ya daɗe."

"To hanya biyu ce. In maƙabarta ta aiko da sunansa a shekarar, yana cikin tsohon kundi. Ki nemo shafin, sai in ba ki kwafi yau-yau, ba ruwan kowa. In babu, sai a yi sabuwar rajista. Ke ki yi rantsuwa, wani na jininsa ya tsaya shaida, mu kuma mu aika sanarwa ofisoshi."

"Har ofishin gidaje?"

Matar ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. Ta san tambayar, ba yau ta fara jin ta ba.

"Su ne ma na farko," ta ce.

Ɗakin ajiyar tsofaffin kundaye a ƙarƙashin ginin yake. Babu taga, sai fanka guda da ke juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kundayen a jere suke kan kantoci na ƙarfe, shekara-shekara, an ɗaure wasu da igiya don bangonsu ya ɓalle. Mai tsaron ɗakin ya sauko mata da na shekarar, ya kaɗe shi a cinyarsa, ya koma sauraron rediyo.

Tela ta bi sunaye da yatsa. Kai, mutane suna mutuwa a garin nan! Ga mai gyaran agogo na bakin kasuwa. Ga wata amarya da ita ta ɗinka mata kayan aure. Ga tsohon direban nan na layin baya da ya rasu sati ɗaya da mijinta, kabarinsu ma kusa da kusa. Sunansa na nan tsaf, da shekarunsa, da abin da ya kashe shi. Ƙasa da shi wani jariri ne. Mijinta babu shi a tsakani.

Ta ce ko an makara wajen aikowa, ta bi watan gaba, da na gabansa. Washegari ta dawo ta nemi na shekarar da ta biyo. Ta dawo jibi. Ɗinkin mutane ya taru a gida, yatsunta suka yi baƙi, tari ya kama ta. Ta sani sarai ba za ta samu ba, amma muddin tana buɗe shafi, ba sai ta hau sama ta zaɓi tsakanin 'yarta da matsugunin tsohuwa ba. Mai tsaron ɗakin ma har ya fara ajiye mata kujera.

A garejin da Dogo ke aiki ta same shi, rabinsa a ƙarƙashin mota. Ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Matar Yaya, kin wahalar da kanki a banza. Ba za ki gan shi ba. Ni na roƙi mai gadin maƙabarta ya tsallake sunan."

Ta tsaya tana kallonsa. Haushin da ya turnuƙe ta, da akwai abin jifa a hannunta da ta jefe shi.

"Kana kallona ina sintiri ƙarƙashin ƙasa, ka yi shiru?"

"To me zan ce miki? Don wa na yi? Ni da namiji, ko a cikin motar nan na kwana. Inna fa? A gidan nan ta tsufa. Ki fitar da ita ki kai ta ina?" Ya sassauta murya. "Ki bari in sa rigar Yaya mu je wurin masu fasfo. Kowa ya san muna kama."

"Yatsa suke dubawa a na'ura, Dogo. Yatsanka ma kama yake da nasa?"

Ya murɗa tsumman.

"Ka zo ka tsaya min shaida."

"Da hannuna in kori uwata daga gida? Kuma in an tono sa hannun nan na shekara da shekaru, wa za a ɗaure? Ki yi haƙuri, matar Yaya. Wallahi ina son yarinyar nan, amma ba zan iya ba."

Abin takaicin, ba ƙarya ya faɗa ba ko ɗaya. Ta koma gida.

Labari kuwa ya riga ta hawa benen. Matar hawan ƙasa, wadda ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su, ta hauro wai ta kawo gyaran siket. Ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Maman 'Yar Baba, ki dube mu. In aka buɗe fayil ɗinku, gida-gida za a bi." Ashe nata mijin ma shekarunsa biyar a kabari yana biyan haya. Haka na hawa na biyu, haka tsohon da ke ƙarshen baranda, wanda ke zaune da sunan yayarsa. In ka ƙirga da kyau, rabin 'yan hayar benen nan a maƙabarta suke kwana. Daga ranar, in Tela ta fito shanya sai hira ta ɗauke.

Saura Inna, ita kaɗai ce ta jininsa da ta rage. Sau nawa Tela ta kai mata ruwan alwala da niyyar yin magana, sai ta ga tabarmar sallar da ta lotsa daidai inda goshin tsohuwar ke sauka, ta ga ƙusoshin da marigayi ya kafa mata a bango don rataye carbi, sai ta ajiye ruwan ta fita. Watan tiyata na matsowa. Likita ya aiko a tambaya ko fasfo ya fito. Tela ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, tana taka keke amma ba ta ganin inda allura ke bi.

Wata ranar da la'asar, Inna na zaune a baranda tana tsince wake, 'Yar Baba ta dawo daga makaranta. Daga sama ana jin tahowarta. Ta hau kaɗan, ta tsaya. Ta hau, ta tsaya. Da ta iso sai ta jingina da bango, leɓɓanta sun yi duhu, numfashin na fita da wani siririn sauti. Ta yi wa kakarta murmushi don kada a ce wani abu.

Inna ta ajiye faranti. "Zo nan, ƙawata. Cire takalmin."

Ta danna babban yatsa a ƙafar yarinyar, ta ɗage. Gurbin yatsan ya zauna, bai taso ba. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Haka nasa ya fara," ta ce, ba da kowa ba. Sannan ta ɗaga murya kaɗan. "'Yar nan, wace irin takarda ce kike ta nema kina ɓoye min? Kin ɗauka kurma ce ni a gidan nan?"

Tela ta durƙusa ta faɗa mata komai, har da zancen gidan. Inna ta ji, ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsintar wake. Sai da ta gama ta ce a goge mata mayafinta na fita.

Da safe suka tafi, Dogo ya bi su da ido daga bakin gareji. A ofis, ma'aikaciyar ta taso da kanta ta ba Inna kujera. Tela ta yi rantsuwa. Aka juyo kan tsohuwa.

"Mama, mene ne haɗinki da shi?"

"Ni na haife shi."

"Kin shaida ya rasu?"

Inna ta juya ta dubi ƙofa. Tela ta sunkuyar da kai, don ta san in tsohuwar ta tashi ta fita, ba ta da bakin tsayar da ita.

"Ya rasu," in ji Inna. "A hannuna. Ni na rufe masa ido."

Ta faɗi ranar, da watan, da shekarar, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Aka kama yatsanta aka dangwala a tawada, aka dangwala a takarda. Ma'aikaciyar ta buga hatimi, ta miƙo wa Tela farar takarda, ta jefa kwafinta a kwandon wasiƙun da za a aika.

A bakin titi Inna ta ce ƙafarta ta gaji. Ta zauna a dakalin wani shago da ke rufe, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fita da shi. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wata mata ta tambaya, lafiya?

"Ɗanta ne ya rasu," in ji Tela.

"Allahu akbar. Yaushe?"

Tela ta zauna kusa da uwar mijinta, hannu ɗaya a bayan tsohuwar, ɗayan ya danne takardar a ƙirji. Ba ta san inda za su kwana wata mai zuwa ba, ba ta san da wane ido za ta dubi mutanen benen ba. Amma daɗi take ji, daɗi sosai, kuma kunyar daɗin nan ta hana ta ɗaga kai. Ofishin fasfo na tashi da azahar. Ta jira, tana shafa bayan Inna, tana satar kallon rana.