Jirgin da Na Zare wa Mai

Ni Kyari, duk bakin Komadugu babu mai koya mini sha'anin jirgi. Da wannan kwale-kwalen na fito daga tabki ranar da aka ƙone garinmu. Mata da yara har da akuya na kwaso zuwa Geskeru, harsashi na faɗawa ruwa kamar tsakuwa, ko hulata ba ta karkace ba. Da kamun kifi ya gagara, sai na ɗora shi a mota zuwa Diffa, na ajiye shi a bayan gidanmu.

Cikinsa katakon tik ne daga kudu. Jirgin da ya bar ruwa ƙishi ke kashe shi, shi ya sa duk shekara nake shayar da shi man kifi, in na rasa in sa na gyaɗa, saboda ranar komawa.

Bana injin ban ruwa na 'yata Yakaka ya mutu, tattasanta ya fara yaushi. Alhaji Alasan, wani mai shago ɗan Damagaram, ya ce zai ba ta sabon inji in na ba shi jirgin. Wai a lambunsa zai ajiye shi, baƙi su zauna ciki su sha shayi. Amma sai an shafa masa berni ya yi ƙyalli kamar teburin ofis. Na ce a raina aro ne, lafiya na dawowa zan karɓi abina.

Na shafa bernin a kan man, don ban taɓa jin an cire wa jirgi mai ba. Ya ƙi bushewa, ƙudaje suka yi ta mutuwa a kai. Alhaji ya zo dubawa ya zauna, da zai tashi babbar rigarsa ta ƙi binsa. Ya ce ko in zare man nan duka, ko maganar inji ta mutu.

Na wanke jirgin da ruwan toka da kanwa mai zafi, na kankare da fasasshiyar kwalba, na goge da esansi, wato fetur. Rana na dukansa sai man ya sake tsattsafowa kamar gumi. Na sake. Ya sake. Man shekaru ne, hannuna ya sa shi, ba ya son fita.

Wata la'asar Yakaka ta dawo daga gona da furen tattasai da ya zube a tafinta. Ta daɗe tana kallona.

"Baba, in ka zare man, zai ƙara hawa ruwa?"

"Wannan? Ko tabkin ya koma wuta sai ya ƙetare," na ce, ban ɗago kai ba.

Ta ce in bari, ta haƙura da gonar. Na ce ta tafi ta ba ni wuri.

Na ci gaba har katakon ya yi fari, yatsa ba ya ɗauko maiƙo. Da safe na ga rana ta bi tsakanin katako biyu na gindi, ta ja layi a ƙasa. Na sa yatsa, ya wuce.

Bernin ya kama sosai. Alhaji ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan ba, kuma gaskiyarsa, duk Diffa babu mai iya shi. Injin Yakaka na ta ruri a bakin kogi. Ni dai in zan je wurinta, ta bayan kasuwa nake zagawa, ba na bi ta ƙofar lambun.