Mai Sauraren Tashar Gwaji

Baba bai taɓa fahimtar aikin Yaya ba, kuma ba zai taɓa yarda cewa bai fahimta ba. In maƙwabta suka tambaya sai ya ce gyaran kwamfuta yake yi, shi ya sa har yau akwai matattun kwamfutocin mutane a ƙarƙashin gadona suna jiran ya zo hutu. Gaskiyar ita ce Yaya ya fara da gina wa shaguna da makarantu shafukan intanet, daga baya kamfanoni suka riƙa kiransa ya ba su shawara, sannan ya ƙirƙiro wata manhaja don masu shirye-shiryen murya da ake saurare a waya, waɗanda ake ce wa fodkas. Aikinta ta bi magana ta yanke duk inda mutum ya yi shiru.

Abin haushin, mutumin da ke cin abinci da maganar jama'a ba ya iya hira da mahaifinsa. In ya kira daga garin da yake aiki, sai su tambayi lafiyar juna, su yi tsit kamar baƙi a layin asibiti, sai Baba ya miƙo mini wayar ya ce ga ƙanwarka. Halinsu ɗaya sak. Baba ya yi shekara da shekaru yana jan babbar mota shi kaɗai, bakinsa ya saba da rufuwa, Yaya kuwa gado ya yi.

Akwai wata tasha da Yaya ya buɗe don gwada manhajar kawai. Kullum da safe, kafin ya fara aiki, sai ya kunna makirufo ya ce "Gwaji, gwaji," ya shiga surutun duk abin da ya zo bakinsa don ya sami abin yankawa. Butar shayi ta ƙone, haƙorin 'yarsa ya fita, wani mai otal yana so a ƙara girman tambarinsa amma kada ya ci wuri. Wani zuwa da ya yi ne ya buɗe tashar a wayata don ya duba wani abu, ya manta bai goge ba. Bayan ya koma na kunna ina ta dariya a kicin, sai na ga Baba tsaye a bakin ƙofa. Ya ce in sa masa a tasa wayar, kuma in na gaya wa yayana to ni da shi ne.

Tun daga nan ba ya karya kumallo sai da ita. Zai jingina wayar da gwangwanin sukari, ya gyara zama, wani lokaci har ya yi tsaki in wani kamfani ya ɓata wa ɗansa rai. Da Yaya ya yi ƙorafin ciwon baya, Baba ya aika masa man zafi ta hannun wani tsohon abokin tuƙinsa, ni kuwa Yaya ya zarge ni cewa ina gulma da matarsa. Shi Yaya yana ganin alamar mai sauraro guda ɗaya a allonsa, amma ya ɗauka na'urar wani kamfani ce mai bin shafuka. Har gaishe ta yake yi don zolaya.

Wata rana, tsakanin labarin fanka da na kuɗin makaranta, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce jiya ya ji Baba yana tari a waya, tarin bai yi masa daɗi ba, amma ya rasa ta inda zai fara tambaya. Ni da na yi makonni ina roƙon tsohon nan ya je asibiti yana ce mini ƙura ce kawai, sai ga shi ya fito da hularsa yana tambayata ina katinsa. Na ji haushi, na kuma ji daɗi har na ɓoye fuska.

A tashar dai muka ji cewa wani kamfani ya sayi manhajar, kuma ƙarshen wata za a rufe duk abin da ya shafi gwaji. Na dubi Baba, ya ce Allah ya sa albarka, ya ci gaba da juya shayinsa. Na ce bari in yi wa Yaya magana, ya ɗaga mini yatsa.

"Yaro yana maganarsa a sake don ya san ba kowa. Kada ki ɓata masa."

Aka rufe tashar. Baba bai daina jingina wayar da gwangwanin sukari ba. Sai ya taɓa wurin, rubutu ya fito cewa babu komai, ya kife ta, shayin ya huce a kofi. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da na ga mako ya wuce a haka, na shiga ɗaki na kira Yaya, na wanke shi tas. Na ce masa na'urar da yake gaisarwa tana da furfura da hawan jini, kuma ta daina shanye shayinta.

Can ya tambaya ko har da ranar tarin, na ce har da ita, kuma a ranar aka je asibiti. Na ji yana jan hanci, ya ce mura ce ke damunsa, ya kashe.

Washegari ya turo mini adireshin sabuwar tasha ba tare da ko kalma ɗaya ba. Na sa a wayar Baba na jingina masa, na koma bakin murhu kamar ban san komai ba.

"Gwaji, gwaji," in ji muryar Yaya. Ya yi gyaran murya. "Baba, ina kwana?"

Sai shiru ya biyo baya, dogo, irin wanda manhajarsa ba ta taɓa bari ya tsira ba. Baba ya harare ni, na san zan ji a jikina anjima. Sannan ya ajiye cokali, ya matso da kujerarsa.

"Lafiya lau," ya ce wa wayar. "Ya bayan naka?"

Shirun ya ɗan ƙara tafiya, kamar tun wurin naɗar muryar Yaya ya auna shi da bakin Baba.

"Da sauƙi," in ji Yaya. "Man nan ya yi aiki."