Garmar Datti

Uwaisu ya danna maɓallin agogon, ya rubuta, ya sake ɗaga kai. Mutanen Unguwar Jumare sun jeru a gonar yayansa marigayi Datti, kowa da kunyarsa, suna huɗa gangar noma na bin su a baya. Shi kuwa yana kan tushen ɗorawa, da takalmi sau-ciki da farar taguwa, kamar wanda ya zo duba makaranta.

Agogon na auna saurin aiki ne, aro aka ba shi a jami'a a Zariya. 'Yan shekaru ke nan da samun mulkin kai, ƙasa na neman waɗanda za su riƙe ofisoshin da Turawa suka bari, aka zaɓe shi ya yi digiri na biyu a fannin gudanarwa. Abokansa duk sun ɗauki ofishin auduga ko na gyaɗa su rubuta kundinsu a kai. Shi ya ce gayya zai bincika, yadda ƙauye guda ke aiki ba takarda ba albashi. Da ya ba malaminsa Bature labarin kunyar mamaci, sai mutumin ya cire tabarau.

Al'adar ƙauyen ce. Idan magidanci ya rasu, damina ta farko ana yi wa iyalinsa gayya, a kafa garmarsa a bakin kunyar ƙarshe, babu mai taɓa ta. In an gama sauran gonar, kowa ya zauna ya ba ta baya, makaɗi ya yi ta kiɗa. Kafin ya tsaya, an huɗe kunyar. In kuwa la'asar ta yi ba a huɗe ba, sai a ce mai gona bai karɓa ba, a watse ba a ci abinci ba, gayya kuma ta bar gonar ke nan har abada. Liman bai taɓa zuwa ba, bai kuma taɓa hanawa ba.

"Akwai mai ba da umarni a ɓoye," in ji Baturen. "Gano shi, ka gano wanda ake sawa. Shi ne kundinka. In ba ka samo ba, ka dawo mu ba ka ofishin gyaɗa."

Uwaisu ma haka ya yarda. Yana yaro ya sha zama ya ba gona baya yana rawar jiki, amma yanzu ya karanta littattafai, ya san aiki ba ya yin kansa. Shi ya sa ya zaɓi wannan tushe, inda kunyar ƙarshe take gabansa sak, daga garmar Datti har ciyawar gamba ta bakin kwari.

Rana ta take tsaka aka gama sauran gonar. Maza suka saɓa garemani suka nufi inuwar ɗorawa, suka zazzauna suna fuskantar hanyar Likoro. Maiwada Sarkin Noma, tsoho mai ido ɗaya, ya tsaya a kansa.

"Malam Uwaisu, sannu da aiki."

"Yauwa Baba, ku ne da sannu."

"To, mu ne. Sai a juyo."

"Baba, ni baƙo ne yau. Kallo kawai zan yi, ba zan ce uffan ba."

"Baƙo a gonar Datti?" Tsohon ya yi murmushi, bai ji daɗi ba. "Ba ni da ikon juya wuyan kowa. Ni ma ban taɓa gani ba, ubana ma bai gani ba."

Ya tafi ya zauna. Makaɗi ya sauya kiɗa, ya koma wani mai nauyi, a hankali, irin takun mutum da ya gaji.

Uwaisu ya kafa wa garmar ido. Ya san ta, ƙotarta a karkace take, don Datti bahago ne, maƙeri a Hunkuyi ya gyara masa ita daidai hannunsa. Da ita ya noma dawar da aka yi ta aika wa Uwaisu a makarantar kwana. Yanzu tana tsaye ita kaɗai cikin rana, ba abin da ke motsi kusa da ita, ko tsuntsu.

Lokaci ya yi ta tafiya. Inuwa ta matsa gabas. Babu mai tari a cikin mazan nan, babu mai korar ƙuda. Zufa ta gangaro masa cikin ido, ya sunkuya ya goge da bakin taguwa, ya duba agogon, ya ɗago.

Garmar ba ta inda take. Ta matsa gaba kamar taku uku, a kafe, bayanta kuma ƙasa baƙa ɗanya a kife.

Ya miƙe tsaye. Daga wurin zuwa gamba akwai nisa, ko zomo ba zai kai ba a ɗan wannan lokacin. Ya ɗan matsa ya duba huɗar. Daga hagu aka kwanto ƙasar. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro, amma taurin kan ɗan boko ya fi na jaki. Ya koma ya zauna, ya ce a ransa ko ƙiftawa ba zai sake yi ba. Garmar ma ba ta sake motsi ba.

Hadari ya fara haɗowa ta wajen Makarfi. Hannun makaɗin ya soma sanyi, kiɗan na yankewa yana dawowa. Sai ya ji takun mutum a gefensa. Saudatu ce, matar Datti, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. Da baya da baya ta tako har ta iso, ta durƙusa, fuskarta na kallon hanya.

"Ɗan boko," ta ce a hankali. Haka take tsokanarsa tun tana amarya, amma yau babu wasa a muryar.

"Yaya Saude, ki yi haƙuri. Kaɗan ya rage in gane."

"Ka gane me?"

"Wanda ke yi."

"In ka gane, shi zai zo ya huɗe mini baɗi? Yara huɗu yayanka ya bar mini, babban bai isa ɗaga garma ba. Liman ya kusa fitowa alwalar la'asar. In mutanen nan suka tashi ba su sha furata ba, kai Zariya za ka koma."

"Ba cutar kowa zan yi ba. Rubutawa kawai zan yi."

"Ka san halinsa. Ko da ransa ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki."

Wannan gaskiya ne, kuma ita ce ta karya shi. Ya tuna Datti yana korarsa daga gona, yana cewa je ka karatunka, idonka na sa ni kuskure. Ya dubi garmar, ya dubi takardar da ke cinyarsa, inda ya ja layi ya bar gurbin suna. Ofishin gyaɗa ke nan, tare da kowa.

Ya danna maɓallin agogon, ya cire takalmansa, ya juya.

Yanzu bayan mutane yake gani. Tun safe yake bin su ɗaya ɗaya da agogo, ya san rigar kowa da ƙeyar kowa. Ya bi su da ido daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake bi. Babu wanda ba ya nan.

Sai ya ji garmar a bayansa. Sara, kifewar ƙasa, taku. Sara, kifewar ƙasa, taku. Tana tafiya daidai da ganga, tana nisa zuwa bakin kwari. Iskar hadari ta kawo masa ƙamshin sabuwar huɗa. Wuyansa ya yi ta ƙaiƙayin waiwaye, ya sa hannu biyu ya riƙe gwiwoyinsa.

Ganga ta tsaya. Maiwada ya ce alhamdu lillahi, mutane suka amsa ƙasa-ƙasa, amma babu wanda ya juya tukuna. Mata suka fara zagayawa da ƙoren fura. Saudatu ta ajiye guda biyu a gabansa.

"Ɗaya taka," ta ce. "Ɗayar, ɗan'uwa mafi kusa ke miƙawa. Kada ka duba."

Uwaisu ya ɗauki ƙwaryar, cike take. Ya zagaya da ita bayansa a hankali, idonsa a kan hanyar Likoro, inda yayyafi ya fara sauka.

Ta hagu aka karɓa.